Tun bayan Kilba, wa ya sake shiga kumbo a littafin Hausa?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya da daddare yarona, ɗan aji biyu a ƙaramar sakandare, ya gama wani littafin Turanci da ya aro a makaranta, labarin mutanen da suka tare a duniyar Mars. Ya same ni a kicin ya ce, "Umma, ki ba ni irin wannan amma na Hausa." Na tsaya da ludayi a hannu ina lalube a kaina. Na haura shekara 20 ina karatun littattafan Hausa, tun zamanin shagon haya har zuwa na waya, amma guda ɗaya tak ya faɗo mini: Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969. Aljanu kam muna da su jibgi, da matsafa da takubban sihiri. To me ya sa tun da Kolin Koliyo ya ɗauki Kilba ya yi sama da shi a cikin wannan littafin, sai muka bar hanyar ta cike da ciyawa? Ban ji daɗin yadda yaron ya juya ya fita shiru ba, shi ya sa na kawo maganar nan.

Ɗan_Kurmi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Amsar kalma ɗaya ce: kasuwa. Na yi shekara 9 ina tsaron shagon littattafai. Mai saye yana shigowa ne ya ce a ba shi na soyayya ko na yaƙi. Ban taɓa jin wanda ya ce a ba shi na taurari ba. Marubuci kuma da kuɗinsa yake bugawa, ba zai zuba su inda ba za su dawo ba.

Sadauki_99:
Ni fa na karanta wannan littafin a makaranta. Ba na Sa'idu Ahmed Daura ba ne?

Tsohon_Hedimasta:
A'a ɗana, wancan Tauraruwar Hamada ne. Sunayen ne suka yi kama, mutane da yawa kan haɗa su.

Maman Ilham, 'yata, kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ƙagaggen labarin Hausa na boko da aljanu aka haife shi. A gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933 a ƙarƙashin Rupert East, littattafai biyar ne suka fito, kuma biyun da yara suka fi riƙewa su ne Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Alhaji Imam, jarumin Ruwan Bagaja, bai kai ga ruwan nan ba sai da hannun aljanu. Ganɗoki ya fara da yaƙi da Turawa, ya ƙare a duniyar aljanu. Daga baya Ahmadu Ingawa ya kawo Iliya Ɗan Maiƙarfi, wanda tushensa labarin wani sadaukin Rasha ne, Ilya Muromets, har birnin Kib ɗin nan na Sarki Waldima ma Kiev ne. Wato tun farko mun saba da jarumi mai ƙarfin da ya wuce na mutane, kuma mun saba da aro mu mayar da abu namu.

Shi kuwa Dembo ya zo ne a shekarar da kumbon Apollo 11 ya sauka a kan wata, cikin Yulin 1969. Ina firamare a lokacin. A gindin rediyon mai unguwa muka ji labarin, kuma har aka watse dattawa na gardama, wasu na cewa ƙarya ce, wa zai taka wata. A irin wannan yanayi ne mutum ya zauna ya rubuta wa yaran Hausa labarin tafiya sararin samaniya. Duk lokacin da na karantar da littafin nan a aji, ranar ce yara suka fi yi mini tambayoyi. Don haka ban yarda cewa yaranmu ba sa so ba. Ba a ba su ba ne.

Ɗan_Kurmi:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma ai kai manhaja ce ta kai maka littafin aji. Da aka bar shi da kasuwa shi kaɗai, ya ya ƙare?

Gimbiyar_Dare:
Ni dai ban ga abin da aka rasa ba. Kumbo da darduma mai tashi ai duk ɗaya ne, kowanne ƙarya ce mai daɗi. Me ya sa in na Bature ne sai a ce kimiyya, in namu ne a ce tatsuniya? Na taso da littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, kuma su suka koya mini zama da littafi har asuba. Kada a raina mana aljanunmu don Allah.

Injiniya_Samaru:
Anti Gimbiya, ba raini ba ne, amma akwai bambanci, kuma bambancin shi ne daɗin abin. A labarin almara, marubuci ne ke kafa doka: ya ce zoben nan sau uku yake aiki, shi ke nan, sai dai ya kiyaye abin da ya faɗa. A labarin kimiyya kuwa akwai dokokin da ba shi ya kafa ba, ya tarar da su ne, kuma dole ya yi noma a cikinsu.

Ga misali daga littafin da yaron Hajiya ya karanta. Haske na gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, kuma saƙon rediyo ba ya wuce wannan. Tsakaninmu da Mars, saƙo kan ɗauki daga minti 3 zuwa minti 22, gwargwadon inda duniyoyin biyu suke a zagayensu. To ki ɗauka yarinya tana can, mahaifiyarta na jinya a Gusau. Ba za su taɓa yin hira ta kai-tsaye ba. Ta ce "Umma ya jiki?" sai ta zauna jiran amsa, wani lokaci minti 40 da wani abu, ba ta san ko wadda ta yi wa tambayar tana da rai a wannan lokacin ba. Aljani zai kai saƙon kafin ƙiftawar ido, sai tausayin ya tafi. Dokar da ta ɗaure marubucin ita ce ta ba shi hawayen mai karatu.

Gimbiyar_Dare:
Wannan misalin ya taɓa ni, na yarda. Amma in haka ne, dokin katakon nan na cikin Dare Dubu da Ɗaya fa? Ba aljani ke ɗaukarsa ba. Wani gwani ne ya ƙera shi, akwai abin da ake murɗawa ya tashi, akwai wanda ake murɗawa ya sauka, har ɗan sarki ya kusa halaka don ya hau bai tambayi na sauka ba. Wannan a wane layi za ka sa shi?

Injiniya_Samaru:
Kin kama ni. Na'ura ce wannan, babu ja. Kuma darasin hawa abu ba ka san yadda ake tsayar da shi ba, shi ne rabin labaran kimiyya na duniya tun daga Frankenstein na Mary Shelley a 1818.

Abu_Huzaifa:
Ina da damuwa ta daban, kuma da kyakkyawar niyya nake faɗa. Yawancin waɗannan littattafai suna ba da labarin abin da zai faru nan da shekara 100 ko 500. Ashe wannan ba kutse ba ne cikin gaibu? Wasu kuma suna nuna ɗan adam ya ƙirƙiri rai, ko ya koma baya ya canza abin da aka ƙaddara. Ina ganin wannan na daga cikin abin da ke sa marubutanmu ja da baya, kuma ban ga laifinsu ba.

Ɗalibin_Alƙahira:
Malam Abu Huzaifa, damuwarka tana da muhalli, kuma na san marubuta da ita ce ta tsayar da su. Sai dai boka cewa yake "kaza zai faru", yana so a gaskata shi. Marubucin labari cewa yake "da a ce kaza ya faru, ya mutane za su yi?", kuma shi da mai karatu duk sun san misali ne. Malaman fiƙihu ma sun daɗe suna ƙaddara mas'alolin da ba su auku ba don su fitar da hukunci.

Kuma wannan gona ba baƙuwa ba ce a wajen Musulmi. Ibn Ɗufail na Andalus, wanda ya rasu a 1185, ya rubuta Hayy ibn Yaƙzan, labarin yaron da ya tashi shi kaɗai a tsibiri ya gano Mahaliccinsa ta hanyar lura da halitta. Ibn al-Nafis, likitan nan na Alƙahira da ya bayyana yadda jini ke bi ta huhu, shi ma ya rubuta nasa mai suna Risalatul Kamiliyya a ƙarni na 13. A zamaninmu, duk wanda ya zauna a Masar ya san yadda matasa suka taso da ƙananan littattafan aljihu na Nabil Faruƙ da Ahmad Khalid Taufiƙ. Jerin Malafful Mustaƙbal na Faruƙ tun 1984 ya fara fita, labarin jami'an leƙen asirin kimiyya ne na Masar ta gobe. Da Taufiƙ ya rasu a 2018 ina can, na ga yadda samari suka yi jimami kamar mahaifinsu ne ya tafi. Abin da ya fi burge ni shi ne littattafan nan ƙanana ne, masu arha, a bakin titi ake sayar da su, daidai da yadda namu na Kano suke. Don haka Ɗan Kurmi, kasuwa irin tamu ta taɓa ɗaukar wannan kaya a wani wuri.

Game da canza ƙaddara kuwa, ka nemi gajeren labarin Ted Chiang na 2007, The Merchant and the Alchemist's Gate. A Bagadaza aka gina shi. Wani ɗan kasuwa ya sami ƙofar da ke mayar da mutum baya shekara 20, ya shiga don ya gyara wani abu da ke cin ransa, sai ya tarar ba abin da ke sauyawa daga abin da aka rubuta, illa dai ya fahimci abin da bai fahimta ba a da, ya sami hanyar tuba. Marubucin ba Musulmi ba ne, amma ya girmama aƙidar, kuma labarin ya ci kyautar Hugo da ta Nebula, manyan kyaututtukan da ake ba labaran kimiyya da na almara.

Abu_Huzaifa:
Jazakallahu khairan. Zan nemi wannan na Bagadaza. Amma har yanzu ina kan bakana game da masu nuna mutum ya hura wa gunki rai.

Alƙalamin_Zinariya:
Bari in yi magana a matsayin wadda ta gwada. Ina rubutu a waya, ina sayarwa a WhatsApp kamar sauran 'yan'uwana. Shekara biyu da suka wuce na fara wani labari na wata ungozoma a ƙauye da gwamnati ta kawo wa mutum-mutumi mai taimakon karɓar haihuwa, matan gari suka rabu biyu a kansa. Na sa shi naira 500 kamar sauran littattafaina. Waɗanda suka biya ba su kai rubu'in masu sayen na soyayyata ba, kuma na tsaya a babi na 14. Har yau yana mini ciwo, domin shi ne rubutun da na fi so a duk abin da na yi.

Amma ba kasuwa kaɗai ta kayar da ni ba. Kalmomi sun wahalar da ni. Ina da kumbo, ina da tauraron ɗan adam, ina da 'yan sama jannati, ina da ƙirƙirarriyar basira, waɗannan kafafen labarai sun riga sun shimfiɗa mana. Da na shiga cikin jikin na'urar kuwa, sai in ga ko dai in zuba Turanci, ko in yi sharar bayani layi uku a kan abu ɗaya, labarin ya mutu a hannuna.

Tsohon_Hedimasta:
'Yata, waɗanda suka ga jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ba su kira taron masana ba. Suna da jirgi na ruwa, sai suka ce wannan na ƙasa ne, da na sama ya zo suka ce na sama. Ki bar mutanen cikin labarinki su raɗa wa abin suna da bakinsu, yadda matan ƙauye za su yi da gaske. Ba za su kira shi da sunan da ke jikin kwali ba, laƙabi za su sa masa, wataƙila ma na zolaya. Wannan laƙabin shi ne kalmarki. Ki koma babi na 15.

Alƙalamin_Zinariya:
Baba, wallahi ban taɓa kallon abin ta nan ba. Na gode ƙwarai.

Ɗan_Damagaram:
Gaisuwa daga Nijar. Abin da ke ba ni takaici shi ne wasu sun daɗe suna sa ƙasarmu a irin waɗannan labarai, mu ne ba mu sa kanmu ba. Jules Verne na Faransa, a littafinsa na 1863 na mutum uku da suka ratsa Afirka cikin balan-balan, ya bi da su ta saman Tafkin Chadi da Zinder da Agadas har Tumbuktu. Bai taɓa zuwa ba, rahotannin matafiya irin su Barth ya karanta, kuma yadda ya siffanta mutanenmu ba daɗin karantawa. A lakwal, wato makaranta, muka karanta shi da Faransanci, ina jin sunan garinmu ina murna, ina ganin yadda aka zana mu ina jin kunya.

Na baya-bayan nan sun fi mutunci. Nnedi Okorafor ta gina The Shadow Speaker a Nijar ta shekarar 2070. A Noor kuma, na 2021, ɗaya daga cikin manyan jaruman makiyayi ne Bafulatani, ga wata gagarumar guguwar yashi da ba ta lafawa a arewacin Najeriya, wani babban kamfani na tatsar lantarki daga iskarta. Na ji daɗinsa. Amma ina karantawa ina jin cewa da wanda ya taɓa kwana a ruga ne ya rubuta, da akwai abubuwan da zai gani waɗanda baƙo ba zai gani ba.

Hauwa_Legas:
Gaskiya ne, kuma 'yan kudu sun yi nisa. Binti na Okorafor ya ci Hugo a 2016. Rosewater na Tade Thompson, wanda ya faru a Najeriyar 2066, ya ci kyautar Arthur C. Clarke a 2019. Oghenechovwe Donald Ekpeki ya ci Nebula da O2 Arena, labarin lokacin da iskar shaƙa ta zama abin saye. Akwai mujallar Omenana a intanet tun 2014, akwai kyautar Nommo ta marubutan Afirka tun 2017, wadda sunanta ma daga al'adar Dogon na Mali aka samo shi. Ni shawarata matasanmu su rubuta da Turanci su shiga wannan layin, a nan ake ganin mutum.

Maman_Ilham:
Ƙanwata Hauwa, ai na Turancin yaron ya riga ya samu. Na Hausa ya tambaye ni.

Mai_Fassara:
Kuma ba dole sai da Turanci ake fara zuwa duniya ba. Liu Cixin da Sinanci ya rubuta The Three-Body Problem, don mutanen ƙasarsa, aka fara buga shi kashi-kashi a mujalla a 2006. Sai daga baya Ken Liu ya fassara shi, ya ci Hugo a 2015, karo na farko da fassararren littafi ya ci rukunin dogon labari na wannan kyauta. Ƙarfinsa kuwa daga gida ya fito, don da rikicin juyin al'adu na Sin labarin ya buɗe. Nan kusa da mu ma, Fagunwa da Yarbanci ya rubuta labarin maharbinsa a dajin aljanu a 1938, sai bayan shekara 30 Wole Soyinka ya mayar da shi Turanci. A fara cika tulun gida tukuna.

Ɗan_Baga:
In ana neman abin rubutawa, ku zo wajenmu. A shekarun 1960 faɗin Tafkin Chadi ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Kakana ya nuna mini inda yake ɗaure kwalekwale, yanzu gonar wake ce. An daɗe ana maganar haƙa hanyar jawo ruwa daga kogunan yankin Kwango zuwa tafkin. To a ce an yi, ruwan ya dawo cikin shekara biyar. Garuruwan da aka gina a kan busasshen tafki fa? Wa ke da gonar da ta koma ƙarƙashin ruwa, jikan masunci ko jikan manomi? Ba sai an je Mars ba. Ni wannan littafin nake jira.

Injiniya_Samaru:
Ɗan Baga ya kawo magana. Amma ni ban haƙura da sama ba, don akwai tambayoyin da marubucin Amurka ba zai damu da su ba, mu kuwa su za mu fara yi. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana zagaya duniya cikin kusan minti 90, wato rana na fito musu sau 16 a kwana guda. Da likitan Malesiya Sheikh Muszaphar Shukor zai tafi can a Oktoban 2007, cikin azumi, sai da malaman ƙasarsu suka zauna suka fitar masa da jagora: ya bi lokutan sallar wurin da kumbon ya tashi, ya fuskanci Ka'aba in ya iya, in bai iya ba ya fuskanci duniya, in hakan ma ya gagara ya fuskanci inda ya sawwaƙa. To a kai maganar Mars. Kwananta ya fi namu da kusan minti 40, shekararta kwana 687 ce, kuma wata biyu gare ta. Ayarin Hausawa 200 sun tare a can, Sha'aban ya zo ƙarshe. Wane wata za su duba? Sanarwar Sarkin Musulmi za su jira ta iso a makare, ko limaminsu zai yi ijtihadi? Rabin jama'a su bi wannan, rabi su bi wancan, ga aure an sa bayan salla. Wanda ya san yadda muke gardamar ganin wata a nan ƙasa ya san littafi ne guda cur.

Abu_Huzaifa:
Wannan kam zan saya. Amma a kai wa malamai su duba kafin a fitar.

Gimbiyar_Dare:
Ni kuma ina roƙon kada garin neman kumbo a yar da aljanun. P. Djèlí Clark ya haɗa aljanu da injuna a Alƙahirar 1912 cikin A Master of Djinn, ya ci Nebula da shi. Wato abin da muke ganin ya tsufa a hannunmu, wasu na can suna cin kyauta da shi. Matsalar namu ita ce jarumi ya kashe dakaru dubu a shafi ɗaya ba ko ƙwarzane, sai tsoro ya fita daga labarin. A gyara wannan, a ba sihirin iyaka da farashi.

Ɗan_Kurmi:
Duk na ji, kuma na ji daɗi. Amma a cikinku wa zai tura wa Alƙalamin Zinariya naira 500 in ta koma kan ungozomarta? Nan ne maganar take.

Hauwa_Legas:
Ni zan tura. A sa ni a layi.

Ɗan_Damagaram:
Ni ma, in akwai hanyar biya da sefa.

Tsohon_Hedimasta:
Wani abu ya dawo mini. A 1986 tauraruwa mai wutsiya ta Halley ta zo, na fitar da ɗalibai filin ƙwallo kafin asuba muna nema. Da ƙyar muka hango wani ɗan dishi-dishi, amma wata tsohuwa mai yi mana abinci ta ƙi fitowa, ta ce tun kakanni in ta bayyana babban mutum zai faɗi. Za ta dawo a 2061. Ni ba zan gani ba. Yaron Maman Ilham zai kasance dattijo mai jikoki a lokacin, in Allah ya ba shi rai.

Maman_Ilham:
Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana Baba. Na karanta masa abin da Injiniya ya rubuta na ganin wata, ya ce shi a ganinsa watan duniya za su bi tunda nan Ka'aba take, yanzu haka yana can yana zana yadda masallacinsu zai kasance a bayan littafin lissafinsa. Har yanzu dai ba wanda ya ambata mini littafi na biyu bayan na Dembo. In akwai wanda ya san wani, ko a waya aka rubuta shi, ya ajiye sunan a nan. Sannan wa ke da kwafin Tauraruwa Mai Wutsiya? Na zaga shaguna uku yau ban samu ba.

Injiniya_Samaru:
Akwai tsohon kwafi a akwatin mahaifina, bangon ya cire amma shafukan sun cika. Zan je gida ranar Asabar, Hajiya, in duba.